Zagayen Godiyar Gwaggo Mai Daddawa

Ni ba mai son fita ba ce. Da za a bar ni, daga ɗakina sai madafi, daga madafi sai gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ina hira da duk wanda ya leƙo. Amma Allah ya ajiye abincina a ɓangaren masu ciwon ƙirji na wani ɗan asibiti da ke gefen garinmu, kafin ka hau titin Bici. Ba likita ba ce ni, ba nas ba ce. Karatuna aji huɗu ne na firamare da abin da na tsinta a makarantar matan aure. Aikina shara, wanke takunkuman injin shaƙar magani, miƙa wa mutane 'yar robar da za su tofa kaki, da kiran wanda layi ya zo kansa. Sai kuma aikin da ba wanda ya rubuta mini a takarda, wato surutu.

Sistar da nake ƙarƙashinta, wata doguwar mata 'yar wajen Gezawa, ita ta fara gane surutun nan yana da amfani. Ita tana da abin da take maƙala wa mutum a yatsa ya nuna lamba, ga abin sauraron ƙirji rataye a wuya. Ni kuwa gaisuwa ce kayan aikina. Mutumin ƙasarmu ko ranga-ranga aka ɗauko shi, in ka ce masa ya jiki, cewa zai yi da sauƙi. Saboda haka ba abin da ya faɗa nake saurare ba, inda ya tsaya ya ja numfashi nake saurare. Sai in jero masa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya damina. Wanda ya amsa duka har ya mayar mini da nasa, wannan ya jira layi. Wanda ya raba alhamdu lillahi gida biyu, hannunsa nake kamawa in kai shi gaban Sista ko mutum goma ne a gabansa. In sauran suka yi gunaguni in ce, "Ku yi haƙuri, ku kun iya gaisuwa, shi bai iya ba."

A kan bencin masu jiran layin nan na gane cewa a wurin mutanenmu duk ciwon ƙirji sunansa ɗaya, sanyi. Da mutum ya fara tari sai a hana shi ruwan randa, a hana shi wanka, a toshe taga da tsumma, a kawo masa garwashi har gefen gado. In ramamme ne a bi shi da kunu ruwa-ruwa safe da yamma, ƙwan kajin gidan kuwa yana tafiya kasuwa. In mai jiki ne a danna masa malmala uku da man shanu wai ya yi ƙarfi, ciki ya cika ya tokare ƙirji, ya kwanta yana haki kamar ya wuni yana huɗa. Sista takan yi musu bayani da Hausarta ta 'yan makaranta, su gyaɗa kai su ce to. Tana juyawa su dube ni, ni kuma in ce, "Cewa ta yi ka riƙa ci irin na kaza, tsinci nan tsinci can, wake da zogale da ɗan ƙwai, ba irin cin wanda zai tafi gayya ba." Ni da nake faɗar haka, kada ku tambaye ni malmala nawa nake tashi da su. Wannan tsakanina ne da tukunyata.

Wadda ta fi ba ni wahala cikin duk waɗanda suka ratsa ta hannunmu, ba a asibiti ta ba ni ba, a unguwa ne. Gwaggo nake ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ƙawar mahaifiyata ce, gida uku ne tsakaninmu. Daddawa ce sana'arta tun tana amarya. Wanda ya san dafa kalwa ya san wutar ba ta wasa ba ce: wuni guda tukunya na kan murhu, ita kuma tana tsugune a 'yar bukkar girkinta tana tura itace da kara, ido na hawaye. Har daga Shanono ake aikowa a saya. Hayaƙin shekarun nan shi ya taru ya zauna mata a huhu. Likita ya duba hoton ƙirjinta ya ce ba tarin fuka ba ne, kuma ba irin ciwon da ake rabuwa da shi ba ne, sai dai a lallaɓa.

Abin da ya ɗaure wa Sista kai, in aka ba Gwaggo gado kwana huɗu sai ta warware, ta zauna tana yi wa 'yan ɗaki faɗa a kan yadda suke ɗaura zane. A sallame ta, kafin sati biyu a sake kawo ta a kan babur, an sa ta a tsakiya, kai ya langaɓe. Da aka yi haka sau uku Sista ta ce mini, "Ke da kuke unguwa ɗaya, je ki gano mini abin da ke cikin gidan nan."

Na je wata Alhamis da la'asar. Tun daga zaure na ji ƙamshi, na kuma ga takalma a ƙofar ɗakinta kamar ana suna. Dubiya ake yi. Mata sun cika ɗaki har dokin ƙofa, taga a toshe, labule a sake, kaskon turaren wuta ya turnuƙe ko'ina. Surukarta, matar ƙaramin ɗanta da suke zaune tare, yarinya mai kunya da son fita kunya, ita ta zuba turaren don kada baƙi su ce ɗakin tsohuwa yana warin daddawa da ciwo. Gwaggo na jingine da filo. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta jero gaisuwa, ita kuwa tun da take ba ta taɓa rage wa kowa gaisuwa ba. Ta amsa ta mai zuwa, ta tambayi mijinta, ta tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafar kakarsu. Kafin ta huce wasu sun yi sallama. Ƙarƙashin gado kwanuka ne jere, na fura, na dambu, na farfesu, kowa da abin da ya kawo. Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, surukar ta yi wuf ta riga ta: "Haba Inna, muna nan?" Ko tsinke ba a bari ta ɗaga. Ƙauna ce zalla aka taru ana danne ta da ita.

Washegari Juma'a babban ɗanta ya zo daga birni. Alhaji muke ce masa, yana da shago a can, mutum ne mai kirki, mai tumbi, mai saurin yanke magana. Ɗan fari ne, Gwaggo kuwa mutumiyar da ce: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In yana ɗaki sai ta nemi wanda za ta riƙa bi ta kansa. Ran nan ni aka samu.

"Inna, na gyara miki ɗaki," in ji shi. "Da fanka, da banɗaki a ciki, ga babban asibiti kusa. Da an gama girbin gero zan zo da mota."

Ta juya fuska bango. "'Yar nan, tambayar mini mutumin birni, laifin me na yi?"

"Alhaji, wai laifin me ta yi?"

"Na ji ta ai, ni ba kurma ba ne. Inna, ba laifi ba ne. Sau uku ana kira na a waya hankali a tashe."

"Ki ce masa ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haife shi, ta ƙofar nan nake so a fitar da ni. Can wa na sani? In zauna ni da fanka muna kallon juna?"

"Ko zaure fa ba kya iya kaiwa, Inna."

"Tambaye shi ina yake so in kai."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ranar da kika taka da ƙafarki har gidan Inna Babba, na bar maganar." Inna Babba yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a wasu 'yan gidaje can bayan fadama, inda mai lafiya ma sai ya yi gumi kafin ya kai. Ya faɗa ne don ya san ba mai yiwuwa ba ne.

Gwaggo ta ce, "Ki ce masa ya riƙe maganarsa. Ke ce shaida."

Ni da ba na iya kwana biyu a wani gari kewar gida ba ta kwantar da ni ba, nan take na san ɓangaren da nake.

Na kwashe labari kaf na kai wa Sista. Ta ce a buɗe taga, a fitar da kasko, 'yan dubiya su zauna a waje, a riƙa ba ta maganin shaƙarta a kan lokaci. Sannan ta ce babban maganin shi ne tafiya, yau kaɗan, gobe a ɗan ƙara, don zaman nan yana kashe mata ƙafa, ƙafa mara ƙarfi kuma ta fi cin numfashi. Motsa jiki, in ji ta. Taga da kasko ban sha wahala ba, na ce wa surukar umarnin likita ne. Motsa jikin ne ya zama rigima.

"Ni za a koya wa motsa jiki?" in ji Gwaggo. "Turmi nawa na fasa a gidan nan? Lokacin da nake ɗauko itace daga bakin fadama, Sistar taku ko zanen goyo ba a saya mata ba."

"Gwaggo, 'yar tafiya ce kawai, ki je bakin rijiya ki dawo."

"In ɗebo me?"

"Ba komai. Ki je dai ki dawo."

Ta dube ni kamar na zage ta. "In fita tsofai-tsofai da ni, ba aike ba, ba barka ba, ba gaisuwar mutuwa ba, in leƙa rijiya in juyo? Kafin magariba gari ya ɗauka tsohuwa ta fara taɓuwa." Surukar ma ta sa baki a hankali, ta ce ita za a zaga, a ce ta kasa riƙe uwar miji har tana gararamba a waje. Gaskiyarsu ce kuma. A garinmu ba a tafiya sai da dalili, wanda aka gani yana tafe haka kawai tambayar farko ita ce, lafiya?

Kwana uku muna wannan ja-in-ja. A na huɗu ina zaune bakin gadonta ta leƙa ƙarƙashi ta yi tsaki. Ta ce abin da ke hana ta sukuni kwanukan mutane ne. "Kowa ya zo, kowa ya kawo, ni ko gida ɗaya ban je na ce an gode ba. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin gaisuwar mutum na kwanta a kai ba."

Na ce, "To me ya hana mu je?"

Ta sake leƙa kwanukan. Can ta ce, "Miƙo mini mayafina."

Haka muka fara. Kullum in na taso daga aiki na yi la'asar sai in bi ta gidansu. Kwano ɗaya a hannunta, wankakke, ni kuma da 'yar kujerar tsugunno a ka da maganin shaƙarta ƙulle a bakin zane. Na jera gidajen a raina, na kusa kafin na nesa. Ranar farko gidan da ke jikin katangarsu muka je, sai da muka zauna sau biyu. Na koya mata abin da Sista ke koya wa mutane, amma da nawa bakin: ki ja numfashi ta hanci kamar kina shinshina miyar wata, ki saki ta baki a hankali kamar kina hura wa jika kunu. Doka ɗaya na kafa, a hanya ni ke magana, ita saurare. Wannan ya fi tafiyar yi mata wuya. Sai na riƙa tara mata labaran bakin benci, irin na tsohon da ya yi sati guda yana fesa maganin shaƙa a ƙirjinsa ta kan riga, ya dawo yana cewa bai ga aiki ba. In labari ya zo wurin daɗi sai in yi shiru.

"Sai me ya faru?"

"Sai mun kai gindin tsamiyar can."

"Allah ya shirye ki. Uwarki ba haka take ba."

Amma takan taka.

Abin da ban hango ba, ita ma godiyar ba a karɓarta da baki kawai. Duk gidan da muka yi sallama sai a rikice: Gwaggo da kanta! A ruga ɗebo garwashi za a sa turare, a shimfiɗa tabarma can ƙuryar ɗaki. Dole na koma shiga gaba kamar mai shela, ina cewa a fito da tabarma inuwa, kasko kuma a bar shi inda yake. Sai abinci. Nan a dama fura, can a soya ƙosai, wani gidan har kaza aka kama. Ƙin ci cin fuska ne, in ta ci da yawa kuma dawowa ta gagara. Muka shirya ita loma biyu ta sa albarka, sauran a san yadda za a yi da shi. Ni ce yadda za a yi da shi. Cikin wata guda Sista ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wai tsakanin ke da Gwaggo wa ke motsa jikin?" Kwanon da muka mayar kuma ba ya zama, sai a zuba gyaɗa ko ɗan wake a ce a kai wa yara, ya sake biyo mu gida. Gwaggo ta ce wannan aiki ba ranar ƙarewa, ni kuwa a raina na ce madalla, ga dalilin wata tafiyar.

Lokacin da tsuntsaye suka fara sauka a kan gero mun wuce rijiya, mun wuce masallacin Juma'a. Sai kuskurena ya fito. Ni da ƙafa na auna gidajen, mutane kuwa da girma suke aunawa. Har wata amarya da ba ta shekara a garin ba mun je wa, don kawai ƙofarta ta fi kusa. Labari ya tsallaka fadama. Inna Babba ta ba mai tallan nono saƙo: ta ji ƙanwarta ta warke har tana zaga gari gida-gida, ita da aka ɗoro a amalanke da ciwon gwiwa ta zo dubiya ba ta isa a gode mata ba, ba komai, Allah ya ƙara lafiya.

Wannan ba komai ɗin ya hana Gwaggo cin tuwo. Washegari da hantsi, ina wurin aiki, ta zari kwanon yayarta ta fita ita kaɗai, ba kujera, ba magani, da sauri irin na mai fushi. Masu dawowa daga gona suka tsince ta zaune a kan kunyar wata gona bayan makarantar firamare, ko sannu ba ta iya amsawa. Kwana biyu ta yi a gadonmu da robar iska a hanci. Sista ba ta ɗaga mini murya ba, cewa kawai ta yi, "Ni na ɗauka ke ce kika san mutane." Da ma mari na ta yi. Alhaji ya bugo waya ya ce ko gero ya shiga rumbu ko bai shiga ba, nan da Juma'a uku yana tafe da mota.

Ni da kasuwar garinmu ma sai in yi wata ban leƙa ba, na ɗauki ƙafata na ratsa fadama har gidan Inna Babba. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ƙafafu a miƙe. Na durƙusa na ce laifina ne, na gaya mata komai har da maganar mota.

"Au, ni aka mayar bakin iyaka?" in ji ta. "Shi wannan da na yanke wa cibi zai kwashe mini ƙanwa ya kai ta inda sai an hau mota a gan ta?" Ta watsar da ɓawon gyaɗa gefe. "Ki ce mata na ajiye fushina sai ta zo. In ta zo a kan babur ba zan amsa sallamarta ba. Kuma kwanona mai murfi ne, kada a kawo mini shi ba murfi."

Muka sake kamawa daga kusa, amma wannan karon ƙafar ta riga ta san hanya. Sista ta ba ni izinin makara, ta ce mu koma fita da safe kafin rana ta yi zafi, mu kauce wa inda ake sussuka saboda ƙaiƙayi, karin kumallo kuma ɗan kunu da dafaffen ƙwai, sauran in an dawo. Da gidajen unguwa suka ƙare muka koma na bakin gari, har da waɗanda ba su zo dubiyar ba. Gwaggo ta ce ai sun yi niyya. Iyakar inda muka taɓa kaiwa bakin fadama. Daga nan zuwa gidan Inna Babba akwai hawa mai yashi da ba mu gwada ba, sai ga Juma'ar ta zo.

Mun fita rana na ɗagowa. An yanke gero an jibge dammuna a gonaki, dawa ce ke tsaye hagu da dama ta fi mu tsawo. Muka huta a rijiya, muka huta a tsamiya, muka huta a bakin fadama inda masu lambu ke share wurin albasa. Labaraina sun ƙare tun a tsamiya, na koma ƙirƙira. Ta ce, "Wannan ƙarya ce, amma ci gaba."

Yashin ne ya kusa karya mu. Taku goma ta tsaya, taku biyar ta tsaya. A gindin wata kuka, ana hango dangar gidan, na ajiye kujera ta zube a kai. Na ce, "Gwaggo, ya jiki?" Ta buɗe baki, ko rabin amsar bai fito ba. Na kwance maganin na ba ta, na sa ta sunkuya ta dafa gwiwa, na tsaya ina yi mata fifita da murfin kwanon. A raina na yanke, in ba ta dawo daidai ba kafin inuwar kukar ta bar ƙafata, zan sa a nemo amalanke mu juya, ta yi ta jin haushina.

Muna haka na ji wani hakin a bayanmu, ba nata ba, mai kauri, da ɗan fito a ƙarshe. Alhaji ne. Ya iso gida aka ce mun fita, mota ta ƙi shiga burtali, ya biyo mu a ƙasa cikin babbar rigar Juma'a da takalmi sau-ciki, hula a hannu, gumi har gemu. Ya dafa kukar ya kasa sallama.

Gwaggo ta ɗago ido, ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Da ƙyar ta ce, "Ba shi... kujerar."

"Inna," in ji shi bayan ya samu kansa, "ya isa haka. Na gani. Bari in goya ki sauran."

Ta ɗau lokaci tana ja ta hanci tana saki ta baki. Sannan ta ce, a jere ba yankewa, "Ki ce masa ya matsa gefe, ya tare mini hanya."

Na ce, "Alhaji, ka dai ji."

Inna Babba ta sa an kifa mata turmi a ƙofar gida, tana zaune a kai tana kallonmu. Tun daga nesa ta fara: "Tun hantsi nake hango ku! Hawainiya ce da ta iso ta sha ruwa ta koma. Taka mana, ke ba amarya ba!" Gwaggo ta matse kwano a ƙirji tana jan ƙafa, ni a damanta, Alhaji a baya ya buɗe hannuwa kamar mai korar kaji. Da ta isa ta dafa kafaɗar yayarta, ta sauka a hankali har gwiwarta ta taɓa ƙasa, ta ajiye kwanon, na miƙa mata murfin ta rufe.

"Yaya, an gode. Allah ya bar zumunci."

"Kin rame," in ji Inna Babba, tana goge ido da gefen mayafi. "Kuma kin lotsa mini kwano."

Bayan an sha ruwa an huce, Alhaji ya zauna bakin tabarma yana juya hularsa. Ya ce shi ba ya tashin magana, ya faɗa kuma ya gani. Amma da sharaɗi: ba ita ba dafa kalwa, kuma duk wata a kai ta wurin Sista ko tana jin daɗi ko ba ta ji. Gwaggo ta ce in gaya masa asibiti ta yarda, kalwa kuwa a fito da murhu fili, surukarta ta tura wuta, ita ta zauna ta inda iska ke tahowa tana faɗar abin da za a yi, don in aka bar yaran zamani da daddawa sunan gidan ya lalace. Suka ja, suka ja, Inna Babba ta raba: haka za a yi, wanda bai yarda ba ya tashi ya bar mata tabarma. Ni kuma na ce tunda ana sharaɗi, Alhaji ya biyo ta wurinmu Sista ta saurari ƙirjinsa kafin ya koma, don abin da na ji a gindin kuka ba gajiya ba ce kaɗai. Ya harare ni ya ce dama bakinmu ɗaya.

Komawa a amalanken shanu muka yi ni da ita, shi ya riga mu don kada sallar Juma'a ta wuce shi. Muna shiga ɗakinta na ga wani ƙunshi a bayan ƙofa, an ɗaure shi tam da tsohon zane. Na dubi surukar, ta girgiza kai, ba ita ba ce.

"Ni na ɗaure tun jiya," in ji Gwaggo. "Yashin nan ban yarda da shi ba. Kwance mini, hannuna ya mutu."

Na kwance. Zannuwa uku, carbi, ludayin duma, curin daddawa a ganye, da farin yadi a naɗe wanda ba sai an gaya mini na mene ne ba. Can ƙasa kuma sabuwar igiya da ƙullin dusa.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Na jar akuyata ne. Wa kika zaci zan bar wa ita?"

"A motar Alhaji?"

"Ita a baya, ni a gaba. In bai yarda ba shi ya hau ta haya." Ta miƙe ƙafafu a kan gado, ta nuna mini wata ƙusa a bango. "Carbin can yake zama. Zannuwan a cikin kwalla, ba a kai ba. Igiyar kuma ɓoye ta da kyau, kada akuyar ta gani ta san abin da aka shirya mata."